Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fastocinmu da dattawan ikkilisiya: a dawo mana da karatun sura

Iyayena cikin Ubangiji, fastoci, masu bishara da dattawan ikkilisiyoyinmu masu sujada da Hausa,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu. Ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku da garken da aka ba ku kiwo. Allah ya ƙara muku ƙarfi, ya sāka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi, wadda mu da muke zaune kan benci ba kasafai muke ganinta ba.

Ni ba fasto ba ne, ban kuma taɓa zama ajin tauhidi ba. Malamin firamare ne da ya yi ritaya, na kuma shafe fiye da shekara 30 ina koyar da makarantar Lahadi a wata 'yar majami'a a ƙasar Zazzau. Da na yi niyyar in kai maganar nan zaman dattawanmu in bar ta a can. Amma duk inda biki ko jana'iza ko taron farkawa ya kai ni, abu ɗaya nake tararwa, sai na ga ashe ciwon ya wuce ƙauyenmu. Shi ya sa na rubuto a fili. In bakina ya yi kaushi a wani wuri, ku yi mini gafara irin ta uba ga ɗansa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wata Lahadi cikin daminar da ta wuce na yi abin da bai dace da mai sujada ba, na yi ta duban agogo. Mun shiga ƙarfe 9, mun fito 12 ta ɗan gota. Sanarwa ta ci minti 35, har da ta kuɗin ɗinkin zumuntar mata. Ƙungiyoyin mawaƙa 4 sun fito, kowace da waƙa biyu. An zagaya baiko sau 3. Wa'azi ya kai minti 50. Karatun Littafi Mai Tsarki kuwa, daga sa'ad da mai karatu ya ce mu buɗe har ya ce Ubangiji ya sa albarka ga karatun maganarsa, bai cika minti 2 ba. Aya 3 ce kacal. Dattijuwar da ke gabana tana cikin laluben shafi aka rufe. Ba ni da faɗa da waƙa, ni ma na yi kwaya a ƙuruciyata har muryata ta dushe. Amma na koma gida da nauyi a ƙirji. Mun je gidan Mai gida, mun zauna awa 3, shi aka ba minti 2, sauran duk mu ne muke ba juna labarinsa.

Ba haka muka taso muka gani ba. Mahaifiyata ba ta taɓa taka makarantar boko ba. A ajin baftisma ta koyi karatu, da goyo a bayanta, domin a zamaninsu ba a gaggawar kai mutum rafi sai an ga yana iya haɗa baƙi ya karanta Bishara da kansa, in dai ba tsufa ko ciwon ido ne ya hana shi ba. Littafinta yana hannuna yanzu. Mai baƙin bango ne, bayansa ya tsage ta ɗinke da zaren buhu ta liƙa masa ƙyallen atamfa. In ka ajiye shi a tebur ka sake shi, da kansa yake buɗewa a Zabura. Gefen shafukan wurin ya yi jaja saboda yatsa, akwai ma ɗigon man gyaɗa a kan Zabura 90, don ƙuli-ƙuli ne sana'arta. Da yatsa take bin layi, leɓɓanta na motsi, ta matso da fitilar ƙwai kusa. In ta ci karo da suna mai wuya irin Nebukadnezzar, sai ta ce "wannan sarkin" ta wuce abinta. A shafin ƙarshe akwai 'yan layuka da ta ja da biro, irin yadda mata ke lissafin adashi a jikin bango. Bayan rasuwarta na ƙirga su, 11 ne. Ƙanwata ce ta faɗa mini ma'anarsu. Duk ran da ta kai ƙarshen Ru'ya ta Yohanna sai ta ja guda, washegari ta koma Farawa.

Ni da na yi kwalejin horon malamai, ga tabarau ga wutar sola, ko rabin wannan ban kai ba. Na faɗi haka tun yanzu don kada ku ɗauka daga kan tudu nake magana.

Kun fi ni sanin wuyar da aka sha kafin littafin nan ya yi Hausa. Tun 1857 aka buga Bisharar Matiyu da harshenmu, aikin wani Bajamushe mai suna Schön, wanda ya ƙaru ƙwarai da Hausar wani yaro, Dorugu, da ya je Ingila tare da matafiyin nan Barth. Amma cikakken littafi, daga Farawa har Ru'ya, bai fito ba sai 1932, bayan Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa sun yi shekaru suna kai da komowa kan kalmomi. Shekara 75 ke nan tsakani. Akwai waɗanda suka ba da gaskiya, suka tsufa, suka koma ga Ubangiji ba su taɓa riƙe shi cikakke a hannu ba. An sake wata fassara wajejen 1980, wasu ma sun biyo baya, yau har a waya yake, kyauta, da murya mai karanta maka. Sai da abinci ya wadata muka daina ci.

Na san akwai mai cewa, to ai labaran duk mun san su. Wa bai san Nuhu ba, wa bai san Dauda da Goliyat ba? Me za a samu a maimaici? Ku ba ni dama in amsa da abin da ya faru da ni, don gani ya kori ji.

Labarin Yusufu, daga Farawa sura 37 zuwa 50, na ji shi ina ɗan yaro zaune a tabarmar makarantar Lahadi. Abin da na ɗauka a lokacin shi ne riga mai ado, rijiya, da mafarkin shanu. Da na zama malami na koyar da shi ya fi a ƙirga, kuma kullum darasina ɗaya ne: ka guji zunubi kamar yadda Yusufu ya guje wa matar Fotifar, Allah zai ɗaukaka ka. Kullum kuma nakan tsallake sura 38, wadda ta bar Yusufu ta koma kan wansa Yahuda da surukarsa Tamar. Labari ne mai nauyin faɗa a gaban yara, ni kuma gani nake kamar an saka shi a wurin da ba nasa ba.

Shekarar da na rasa ɗana na biyu, yana saurayi, barci ya ƙaurace mini. Sai in tashi cikin dare in buɗe littafin in yi ta bi, ba don neman darasi ba, don dai gari ya waye. A haka na biyo ta kan Farawa, wannan karon ban tsallake komai ba. Sai ga shi a sura 38, Yahuda ya binne 'ya'yansa maza biyu, Er da Onan, ɗaya bayan ɗaya, har ya riƙa ɓoye na ukun don tsoron kada shi ma ya tafi. Na ajiye littafin na yi shiru. Yahudan nan fa shi ne a sura 37 ya kawo shawarar a sayar da Yusufu, aka karɓi azurfa 20, aka kai wa tsoho riga jina-jina, yana tsaye yana kallon ubansa na kuka bai ce uffan ba. To yanzu shi ma ya ɗanɗana. Da na kai sura 44, inda Yusufu ya ce zai riƙe Biliyaminu bawa, wa ya fito ya yi doguwar magana? Yahuda. Ya ce a riƙe shi a madadin yaron, don ba zai iya komawa ya ga abin da zai sami mahaifinsa ba. Mutumin da ya sayar da ƙane ya dawo yana ba da kansa fansar ƙane, kuma abin da ya sauya shi yana cikin surar da na yi shekara da shekaru ina tsallakewa. Nan take Yusufu ya kasa daurewa, ya fashe da kuka ya bayyana kansa.

Ba wanda ya yi mini wa'azin wannan. Yana nan a rubuce tun kafin a haifi kakan kakana. Idon da zai gan shi ne ba ni da shi sai a waccan shekarar.

Bara na sake bi ta wurin, sai wani abu dabam ya tsaya mini a rai. Mahaifinsu Yakubu ya yi shekara 17 a Masar kafin ya rasu, duk tsawon lokacin Yusufu ne ke ciyar da 'yan'uwansa. Amma ana gama makoki, a sura 50, sai ga su suna aika masa saƙo cikin tsoro, wai ko yanzu zai rama. Shekara 17 suna cin tuwon gafara ba su yarda an gafarta musu ba. Yusufu da ya ji sai ya yi kuka. Duk wanda ya taɓa zaman sulhu tsakanin 'yan uba kan gadon gona ya san irin wannan kukan. Ina yaro ba zan gane shi ba, ina ɗan shekara 40 ma da ƙyar. Wa ya san abin da ke jirana a surorin nan in Allah ya kai ni baɗi?

Shi ya sa nake jin tsoro in na ga an mai da jama'a masu cin aya ɗaya-ɗaya kamar ƙwayar magani. Wata shekara an gayyato mana baƙon mai wa'azi a taron farkawa, mai murya kamar aradu. Ya buɗe Ayuba 22:28, inda aka ce za ka ƙudura abu ya tabbata maka. Ya sa muka miƙe, kowa ya ƙudurta mota, ya ƙudurta gida, ya ƙudurta aure kafin Kirsimeti. Majami'a ta ɗauki zafi. Wata tsohuwa sa'ar mahaifiyata, wadda suka yi ajin baftisma tare, ta ja ni da gefen riga ta ce a hankali, "Malam, ai wannan maganar Elifaz ce." Na koma gida na duba, gaskiyarta. Sura 22 gaba ɗaya jawabin Elifaz mutumin Teman ne, yana zargin Ayuba da zunuban da bai yi ba. A sura 42 aya 7 kuma Ubangiji da kansa ya ce ya husata da Elifaz da abokansa biyu, domin ba su faɗi daidai game da shi ba. Mun kwana muna tsalle a kan maganar mutumin da Allah ya tsawata wa. Cikin ɗaruruwanmu, tsohuwar da ba ta da ko takardar firamare ce ta gane, saboda ita ta bi Ayuba daga farko har ƙarshe, ba sau ɗaya ba.

Haka Irmiya 29:11, da ke manne a bayan keke napep da kalandar kowane gida, cewa Allah yana nufinmu da alheri. Gaskiya ne, amma wa aka rubuta wa? Bayin da aka kwashe zuwa Babila, kuma ayar da ta gabace ta ta ce sai sun cika shekara 70. An umarce su su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'ya, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su. Wanda ya yi alkawarin mafita cikin shekara 2 yana sura 28, sunansa Hananiya, kuma bai ga ƙarshen shekarar ba. Sau da yawa ayar Irmiya muke karantawa, wa'azin Hananiya muke yi. Ko Shaiɗan da ya zo gwada Ubangijinmu a jeji, da aya ya zo, daga Zabura 91. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Lambobin nan na sura da aya ma baƙi ne a littafin. Rabon surori da muke amfani da shi aikin ƙarni na 13 ne, ana danganta shi da Stephen Langton, wanda ya zama babban bishop a Ingila. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Suna da amfani, kamar lambar gida ce ga mai neman adireshi. Amma Bulus wasiƙa ya rubuta, ya kuma gaya wa Kolosiyawa cewa in an karanta musu ita a aika wa ikkilisiyar Lawudikiya, su ma su karanta ta can. A tsaye ake karanta ta gaba ɗaya, jama'a na ji. Filibiyawa duka sura 4 ce, ba ta fi rubu'in awa a baki ba. Wanda ya ji ta a dunƙule zai san cewa "zan iya yin kome" ta fito ne daga bakin ɗan kurkuku da ke cewa ya koyi zama da ƙoshi ya koyi zama da yunwa.

Bari in faɗi wani abu da na san wasunku ba za su so ji ba. Maƙwabcina Musulmi ne, tela, katanga ɗaya ce tsakaninmu fiye da shekara 20. Kullum bayan asuba ina jin tilawarsa. In azumi ya zo, kowace rana yana wurin tafsiri, alaramma na jan baƙi malam na fassarawa. Wata rana muna shan inuwa a ƙofar shagonsa ya tambaye ni, cikin raha ba da wata manufa ba, "Malam, ku naku sau nawa ka sauke shi?" Na yi dariya na kawo wani zance. Ban ce mu kwaikwayi kowa ba, hanyarmu dabam tasu dabam. Amma tsarin a karanta a kuma bayyana ma'ana yana cikin namu littafin. A Nehemiya sura 8, Ezra ya hau dakalin katako a dandalin Ƙofar Ruwa ya yi ta karatu tun sassafe har tsakar rana, maza da mata a wurin, Lawiyawa suna bi suna fahimtar da jama'a. Mutane suka yi ta kuka har sai da aka rarrashe su aka ce su je su ci su sha. Kayanmu ne muka bari a rumbu har muka manta da shi.

Akwai labarin da nake so ku sake dubawa da kanku, a 2 Sarakuna 22. A shekara ta 18 ta sarautar Yosiya ana gyaran Haikali. Ana tara kuɗi a bakin ƙofa, ga magina, ga kafintoci, ana sayen katako da sassaƙaƙƙun duwatsu. Cikin wannan hidima ne Hilkiya babban firist ya tsinci Littafin Shari'a. Tsinta fa, a cikin ɗakin Allah, inda firistoci ke shiga da fita kullum. Da Shafan magatakarda ya karanta wa sarki, sarki ya yayyage tufafinsa. Duk sa'ad da na ga muna gasar tayil da silin da sababbin lasifikoki, alhali rabin masu sujada sun zo hannu rabbana ba littafi, sai wannan sura ta faɗo mini. Ban ce kada a yi gini ba. Ni ma na ɗauki bulo a ka.

To ga roƙona, ranku ya daɗe. Ku ba karatu wurinsa a sujadar Lahadi. A karanta sura guda cikakkiya, ko labari daga inda ya fara zuwa inda ya ƙare, ɗaya daga Tsohon Alkawari ɗaya daga Sabo, ko da za a rage sanarwa a manna sauran a allo. A sanar da mai karatu tun Laraba ya yi bita a gida, kada a damƙa wa mutum littafi a bakin ƙofa ya hau yana tuntuɓe da sunaye har yara su yi ta ƙyalƙyala. Bulus ya gaya wa Timoti ya lazimci karanta Littattafai ga jama'a, ya ambace shi tare da gargaɗi da koyarwa, ya ma sa shi a gaba. 'Yan'uwanmu Katolika da Anglika sun riƙe wannan fiye da mu. Katolika suna da jadawalin shekara 3, shekarar Matiyu, ta Markus, ta Luka, kowace Lahadi da karatunta da zaburarta, ko limamin ya so wurin ko bai so ba. Aron garma wurin maƙwabci ba abin kunya ba ne. Ku ma in kun ɗauki littafi guda, ku bi shi da mu sura bayan sura har ya ƙare. Ta haka ne za ku bi ta kan wuraren da ba mai zaɓarsu da son ransa, irin Amos a kan masu algus a mudu, ko wasiƙar Yakubu a kan masu danne haƙƙin 'yan ƙwadago.

Mun taɓa gwada wani abu a majami'armu da rani, bayan an gama kai amfanin gona gida. Muka ce ranar Asabar da yamma za a karanta Bisharar Markus gaba ɗaya, ba wa'azi, ba baiko. Sura 16 ce, muka raba wa mutum 8, har da 'yan mata biyu na sakandare da wani makanike. Bai kai awa 2 ba. Da farko ana ta motsi, yara na shiga da fita. Wajen sura ta 5 wuri ya yi tsit. Da aka zo inda wani saurayi ya bar mayafinsa a hannun masu kama Yesu ya gudu tsirara, sai aka fashe da dariya, don da yawa ba su taɓa jin akwai wannan a ciki ba. Dariyar ba ta daɗe ba, ga Bitrus a tsakar gida yana rantsuwa bai san shi ba. Makaniken ne ya karanta sura 15, muryarsa ta riƙa rawa, ya tsaya sau biyu. Da muka fito wani saurayi ya ce mini, "Baba, ashe labari ɗaya ne." Shekararsa 19 a cikin ikkilisiya, yana ɗauka tarin ayoyin haddacewa ne. Abin takaici, sau ɗaya muka yi, shekara ta zagayo aka ce ranar ta ci karo da taron kwamitin gini.

Ga mai karatu a gida kuwa, lissafin ba shi da wuya in an nuna masa. Littattafai 66 da ke hannunmu sura 1,189 ne. Sura 3 kowace rana, 5 ran Lahadi, shekara na cika an sauke. Wanda wannan ya yi wa yawa, Sabon Alkawari sura 260 ne, ɗaya a rana daga Litinin zuwa Juma'a, mako 52 ya ƙare daidai. Karin Magana sura 31 ce, kowace ranar wata da tata. A buga wannan a 'yar takarda a raba ran 1 ga Janairu, fasto ya riƙa tambaya daga bagade, kun kai ina? Da damina in aiki ya yi yawa mutum ya sha kashi, kada a sa shi jin laifi, ya ɗora daga inda ya tsaya. Mahaifiyata ba ta taɓa sanin wani jadawali ba, tsinken tsintsiya take sawa a shafi.

Sai babbar matsalar, wadda ta fi damuna a matsayina na malami. Yaranmu da yawa ba su iya karanta Hausa ba. Suna jinta, suna cinikin kasuwa da ita, amma in ka miƙa musu littafi sai su yi ta in'ina, ba su san bambancin ƙ da k ba, balle ɗ da d. Turancin da suke taƙama da shi kuma bai nuna ba. Sai ka ga yaro riƙe da fassarar King James, Turancin 1611, yana karanta abin da ko malaminsa na Turanci sai ya yi tunani. Ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Ku dawo da ajin karatu irin na da, na manya da na yara. Na kuma san da yawa cikin masu sujada da Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, a Filato, kudancin Kaduna, Adamawa, Gombe da sauransu. Wanda aka fassara masa da harshen uwarsa, ku ƙarfafa shi ya karanta da shi. Abin da muke nema shi ne maganar ta shiga.

Kuɗin littafi ya yi tsada ga talaka, wannan ba a musu. Amma ikkilisiyar da ta iya yanka sa ran godiyar kaka za ta iya sayen katan guda. Duk wanda aka yi wa baftisma ya fito daga ruwa a miƙa masa nasa. Amarya da ango a sa musu a cikin kaya. Tsofaffi a nemo musu mai manyan baƙaƙe, makafi da waɗanda karatu ya wuce su a sa musu na saurare a katin waya, ko a haɗa su da jikan da zai riƙa karanta musu da yamma, riba biyu ke nan. Ku kuma tuna da 'yan'uwanmu da rikici ya kora daga garuruwansu, waɗanda suka fito da rigar jikinsu kaɗai. Na zauna da wasu daga cikinsu. Abin da suka maimaita har ya zauna a ka, shi ne ya bi su daji.

Wani fasto abokina ya taɓa ce mini, rabi wasa rabi gaske, in jama'a suka san littafin da yawa ai za su dame mu da gardama. Za su dame ku kam, ni ma ɗalibaina sun sha kama ni da kuskure. Amma mutanen Biriya Bulus da kansa ne ya yi musu wa'azi, suka koma suna bin Littattafai kowace rana su ga ko haka ne, Luka kuma yabonsu ya yi a Ayyukan Manzanni 17. Tsohuwar nan da ta ja mini riga ba ta raina kowa ba, ba ta ma ɗaga murya ba. In da muna da irinta 20 a kowace majami'a, da masu sayar da man shafawa da ruwan mu'ujiza sun nemi wata kasuwar.

Ni dai na fara jan nawa layukan a ƙarƙashin na mahaifiyata, da jan biro don kada su gauraya. Guda 4 ne zuwa yau, yanzu ina tsakiyar Littafin Ƙidaya, inda ake ta lissafin kabilu, ina kuma bi a hankali tun da sura 38 ta koya mini hankali. Ba ni da aikin komai Laraba da Asabar. Ina da ragowar alli kwali biyu da na taho da su daga makaranta. In dattawa za su ba ni benci 3 da allo a bayan majami'a, zan fara ajin karatun Hausa da duk wanda ya zo, na kuma san akwai tsofaffin malamai irina a garuruwanku da ke zaune suna jiran a ce musu bismillah.

Ku gai da iyali da dukan ikkilisiya.

Naku cikin Ubangiji,
Wani tsohon malamin makarantar Lahadi, daga ƙasar Zazzau